Ranar da Beben Fiyano Ya Je Gayya

Ku da kuke shigowa shagon nan kuna cewa kiɗa yanzu ba wahala, laftof ce take yi, ban ce kun yi ƙarya ba. Ina ganin yadda kuke yi. Mutum ya zauna ya harɗe ƙafa, ya kama mawus, ya dinga ɗiga 'yan ɗigo a kan layi kamar mai shuka gero a takarda, kafin a kira la'asar ya ce ya gama waƙa uku. Allah ya ƙara basira. Amma tunda kun shanye min shayi, sai ku ara min kunne. Ku matsa wa juna a bencin, ba faɗa zan yi ba.

Wannan ɗan fiyanon da ke kan tebur, mai maɓalli ashirin da biyar, bebe ne. Ku zare wayarsa ku yi ta dannawa har gobe, ba abin da za ku ji sai ƙas-ƙas ɗin roba. Muryar tana cikin laftof, a cikin abin nan da kuke kira fulogin, fiyanon da ba a taɓa shi, sai dai a kalle shi ta gilashi. Abin da yake bi ta cikin wayar shi ne midi, kuma ba sauti ba ne, aike ne. Abu uku yake kaiwa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi aka danna shi, yaushe aka sake shi. Iyakarsa ke nan. Da waɗannan ukun na ci abinci daga nan har Injamena, kuma har yau ban gama da su ba.

Bikin farko da na lalata, a Diffa ne. Lokacin ina ƙarƙashin Oga Bukar, wani dogon Babarbare da na haɗu da shi a Maiduguri. Motar bandar kifi na bi na tafi, da niyyar in zama ɗan kasuwa, sai na ji shi yana kaɗa fiyano a wani gidan biki, irin kiɗan mutanen Sudan. Na tsaya kallo, kallon da ya kai ni shekara huɗu. Shekarar farko ban taɓa maɓalli ba. Naɗe waya, ɗaukar sifika, goge kaya. Da ya ga ban gudu ba, sai ya zaunar da ni ya nuna min maɓalli ɗaya tak. "Danna min shi kamar kana tashin jariri." In danna. "Yanzu kamar kana sallama a ƙofar surukinka." In danna. "Yanzu kamar an kulle ka a waje ana ruwa." In na yi na biyu da na uku da ƙarfi ɗaya, sai ya ce, "Wannan surukin ba zai ba ka 'yarsa ba," ya tashi ya bar ni da maɓallin. Wata biyu muna kan haka.

To, a Diffa ɗin. Oga yana da wani akwatin sauti da muke haɗawa da fiyano ta tsohuwar wayar midi mai haƙora biyar, wadda ku ba ku tarar ba. Ya tafi cin abinci ya bar ni in riƙe wa mata kiɗa. Amarya ta fito, na kama wata doguwar sarewa ina ja, sai gwaggon amarya ta zo wucewa da tiren shinkafa, takalminta ya kwashi wayar ya fizge. Na ɗaga hannu, sarewa ba ta yi shiru ba. Na ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka tare a hanya, tana nan tana tsala ihu ita kaɗai. An aika mata "fara", wayar ta fita kafin "daina" ya isa. Da farko matan sun ɗauka sabon salo ne, har da masu juyawa. Can sai aka fara toshe kunne da gyale, wata tsohuwa tana ta tofa addu'a wajen akwatin. Oga Bukar ya taho a hankali da ƙashi a hannu, ya sa babban yatsan ƙafa ya kashe akwatin, ya dube ni. "Ka aike ta, ba ka ce mata ta dawo ba." Daga ranar nake ɗaure waya a ƙafar tebur. Ku leƙa ƙasa ku gani.

Akwai wani mahauci a Kano, bayan Oga ya sallame ni na buɗe nawa wurin, da ya kawo min aikin waƙar auren ƙanensa. Ya ce lallai a sa kalangu, don kalangu nasu ne. Lokacin kwamfuta ta shigo, na samu fulogin mai kalangu a ciki, na jera masa shi tsaf. Ya saurara har ƙarshe, hannu a aljihu, ya ce, "Malam Iro, kalangun nan naka ba shi da hammata." Gaskiyarsa. Mai kalangu matse igiyoyin yake yi a hammata muryar ta hau, ya sassauta ta sauko. Nawa a tsaye yake ƙiƙam kamar soja. 'Yar tayar nan da ke hagun fiyano, wadda nake ganin kuna murzawa in kuna amsa waya, ita ce hammatar. Sati guda ina zuwa bakin mayanka ina kallon kafaɗar wani makaɗi, in dawo in kwaikwaya da babban yatsa. Mahaucin ya dawo ya ji, ya karɓi aikinsa ya tafi. Washegari aka aiko min da cinyar rago.

Na yi Damagaram, na yi Injamena, na yi Agege. Na yi wa masu neman kujera kiɗa, wanda ya ci da wanda ya faɗi, wani lokacin a sati ɗaya. Na yi wa mai tallar maganin basir. Na yi wa wasu malamai da suka ce su mandiri kawai suke so, ban da fiyano, suna zaune ina danna musu mandirin da fiyano, ba wanda ya ce uffan.

Sai shekarar da komai ya tsaya. Kowane lungu aka samu mai laftof, irinku, masu yi da sauri kuma da araha. Ana cikin haka janareta ya turo wuta fiye da ƙima ya ƙona min babban fiyanona, mai maɓalli sittin da ɗaya, wanda na zaga ƙasa uku da shi a kan cinya a cikin mota. Na tattaro abin da ya rage, laftof da wannan beben da makirfo ɗaya da 'yar sifika, na dawo gida Haɗeja da damina. A shekarar ne kuma kogi ya cika har ya rasa inda zai sa kansa.

Kawu Habu, ƙanen mahaifiyata, ya sauka daga babur a ƙofar nan da sassafe, taɓo har gwiwa. Gonarsa ta shinkafa tana fadama bayan Auyo. Ita ce abincin gidansa na shekara, a cikinta kuma yake ware iri. Shinkafa ta nuna, ruwa yana tahowa, don ciyawar kacala ta toshe hanyar da yake bi, ya juyo cikin gonaki. Kawu ya kafa kara a gindin gonar yana dubawa, kowace safiya ruwan ya hau yatsa huɗu. A ganinsa kwana uku ya rage masa. 'Yan ƙwadago duk manyan manoma sun kwashe su. Sai ya koma wa abin da aka kusa mantawa, ya kira gayya. Ya bi gida-gida yana roƙon a taru a yanke masa, shi kuma ya yi abinci.

"Sun ce za su zo," in ji shi, "amma kowa sai ya tambaye ni wa zai kaɗa. Gambo kuwa ka san tun bara waccan ɓarin jikinsa ya shanye." Baba Gambo shi ne makaɗin noma na yankin, abokin mahaifina tun suna samari. "Kai da aka ce kana da ganguna a cikin akwati, ba za ka yi min ko ɗaya a sa a sifika ba?"

Na ce, "Kawu, wannan ai aikin awa ɗaya ne."

Kun ji irin maganarku ko? Ni ma na taɓa yin ta. Kuma awa ɗayan na yi. Na zana gangar noma da mawus, na danna abin nan da yake jera kowane bugu a kan layinsa, ba wanda ya riga, ba wanda ya makara, duka ƙarfi ɗaya. Na sa ta dinga maimaita kanta, na zuba a memori.

Washegari muka aro babbar sifika muka kafa a kan jinga, tudun ƙasar nan da ake tarawa don tare ruwa. Mutum goma sha wani abu suka zo da laujunansu. Da aka kunna an ji daɗi, har da 'yar rawa. Samari suka kama gudun gangar suka yi gaba, dattawa suka biyo. Kafin hantsi layi ya tsinke gida biyu. Na gaba sun ƙone ƙarfinsu suna haki, na baya sun ga an bar su sun fara miƙe baya suna duban gari. Ganga kuwa tana nan tana abu ɗaya, ba ta bi ta kan kowa ba. Wani ƙato da ake kira Manu, mai baki kamar reza, ya jefar da dami ya ce, "Iro, don Allah kashe mana injin niƙan nan. Tun safe take surutu ba ta kalli kowa ba." Da azahar aka ci abinci, rabinsu suka tuna suna da nasu gonakin. Ko kwata ba a yanke ba. Kawu ya tashi. Ya je ya duba karansa, ya dawo ya zauna.

Daga gonar ban dawo Haɗeja ba, gidan Baba Gambo na wuce. Dama kayana suna jaka a bayana, ba na rabuwa da su. Na same shi a zaure a kan tabarma, an jingina shi da bango, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Gangar tana rataye a samansa. Maganarsa ta yi nauyi, amma kan yana nan daram. Bayan gaisuwa na kunna masa abin da na yi. Bai bari ya yi nisa ba.

"Ɗan Sale, wa kake kaɗa wa?"

"Manoma, Baba."

"Wanne daga cikinsu?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Makaɗin gayya ba ganga yake kallo ba, bayan mutane yake kallo. Kuma ba na gaba ake bi ba, na gaba ba ya buƙatarka. Na ƙarshe ake bi, a ɗauko shi a hankali a kawo shi cikin jama'a. In ka ga bayan mutum ya fara miƙewa, to tsayawa zai yi, sai ka kira shi da takensa kafin ya gama miƙewa."

Take, ku da ba ku sani ba, ɗan gajeren kiɗa ne da kowane gida yake da nasa, ɗa ya gada wurin uba. In aka kaɗa naka a gaban mutane, ba ka da inda za ka sa fuskarka sai cikin aiki.

"In kuma rana ta take, kowa ya gaji," in ji shi, "sai ka kwantar da gangar, su huta suna tafiya. Taka ba ta kwanciya."

Na ce, "To ka koya min."

Ya yi dariya da rabin baki. "Kafin gobe? Gida talatin?"

Yana maganar, ni kuwa hannunsa na hagu nake kallo. Tun da na kunna kiɗan yatsunsa suke motsi a kan gwiwa, suna gyara abin da na ɓata. Hannun ba zai iya ɗaga gula ba, sandar nan mai lanƙwasa da ake bugun ganga da ita, balle ya rataya gangar a kafaɗa. Amma maɓalli ba ya son ƙarfi.

Na sauko da gangar. Fatar ta saki saboda damina, na sa aka kawo garwashi a kasko na gasa ta har ya ce ta farka. Na kafa makirfo, na riƙe gula da kaina, yana ba ni umarni. Tsakiya, gefe, da bugun da ake danne fata da tafin hannu. Kowanne sau uku, a hankali, tsaka-tsaki, da ƙarfi. Wanda bai yi masa ba sai ya ce, "Wannan ƙofa ka buga, sake." Na yanka su ɗaya-ɗaya na zuba a fulogin, na raba wa maɓallai, na ɗora masa beben a cinya.

Ya dube shi ya ce, "Waɗannan haƙoran fa?" Na ce ya taɓa. Ya taɓa, gangarsa ta amsa daga cikin 'yar sifika. Ya juya ya dubi wadda ke jingine a gefe, ya sake taɓawa. Sai ya ɓata fuska. "Tana tunani kafin ta amsa." Ni ban ji ba, shi ya ji. Ɗan jinkirin nan ne tsakanin yatsa da sauti, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Ku ba ya damunku, don ba kaɗawa kuke yi ba, zanawa kuke yi. Na rufe duk abin da ke buɗe a laftof, na shiga inda take tara sauti kafin ta sake shi, na rage, na rage, har sautin ya fara tartsatsi, na ɗan mayar. Ya gwada. "Yawwa. Yanzu ta san ni."

Sai maganar ƙarfi. Kun san midi yana auna nauyin hannu daga ɗaya zuwa ɗari da ashirin da bakwai. Baba Gambo in ya tattara duk abin da yake da shi ya danna, da ƙyar yake kai arba'in. Gangar sai raɗa take yi. Na yi dabarar rago, na kulle ta a sama, duk yadda ya taɓa ta fito da cikakken ƙarfi. Bugu huɗu ya yi ya janye hannu. "Ka mayar min da ita mahaukaciya. Da me zan lallashi mutum?" Sai na buɗe inda ake lanƙwasa layin nauyin hannu, na ja shi har arba'in ɗinsa ta zama ƙarshen ƙarfi, gomansa ta zama lallashi, abin da ke tsakani ya rabu daidai. Ban ƙara masa komai ba, laftof ɗin na sa ta matso kusa ta saurare shi. Yatsun kuma ba sa faɗawa daidai inda ya aike su, sukan haɗa maɓalli biyu. Don haka kowane bugu na ba shi maɓalli biyar a jere, na manna filasta a kan iyaka, ya dinga ji da hannu ba sai ya duba ba.

Kafin a kira magariba ya kaɗa wani abu gajere. Sai ga maƙwabcinsa ya leƙo zauren ko hula babu, yana tambayar wa ke kiransa. Shi ne ya yaɗa mana labarin.

Da safe a babur aka ɗauki Baba Gambo, mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya yana riƙe da shi, daga bakin ruwa aka sa shi a kwalekwale. Muka kafa masa kujera a kan jinga. Laftof na sa ta a cikin baho saboda danshi, batirin mota da inbata mai juya wutarsa a gefe, babbar sifika a ɗaure jikin gora, ni kuma ina tsaye da lema a kansu duka. Mutanen da suka zo sun ninka na jiya, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabi dariya suka zo yi.

Manu ne ya fara. "Baba, ashe ka koma ɗan disko? Saura baƙin tabarau."

Baba Gambo bai dube shi ba. Ya sa yatsa uku ya kaɗa wani abu a hankali, sau ɗaya. Manu ya tsaya da baki buɗe. Aka sake kaɗawa, da ɗan ƙarfi. Wani dattijo ya ce, "Manu, da kakanka ake magana fa." Manu ya tuɓe riga ya miƙo min, ya shiga gona.

Na yi wa manyan mawaƙa aiki, na ga masu hannu, amma ban taɓa ganin abin da na gani ranar ba. Idonsa bai sauka kan maɓalli ko sau ɗaya ba. Layi ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, laujuna suna tafiya tare. In wani ya fara zamewa baya, sai ka ji gangar ta ɗan ja ƙafa ta jira shi, ta kira gidansu, ta taho da shi. A gilashin laftof ina ganin bugun suna sauka, ko ɗaya babu a kan layi, wani ya riga, wani ya makara, dogo da gajere kamar haƙoran tsoho. Da ku ne da tuni kun gyara masa. Da rana ta take ya kwantar da ita ƙasa-ƙasa, mutane suna yanka suna hira, ba wanda ya zauna. Ni aikina in jiƙa tsumma in naɗe bahon da shi don laftof ta fara zafi, in kuma hana masu kawo ruwan sha tsallake waya.

Bayan azahar Kawu ya dawo daga wajen karansa da wata irin tafiya. Karan ya nutse. Jingar wani ta ɓalle can sama, ruwan bai jira kwana na uku ba. Yau ne ko babu. Abin da ya rage kuwa shi ne kwarin gonar, inda shinkafar ta fi kyau. Ruwa ya kai ƙwauri, zangarniya ta sunkuya, saura kaɗan ta sha. A nan ba a ajiye dami a ƙasa, sai an miƙa hannu da hannu zuwa kwalekwale, don haka kowane mai yanka yana buƙatar mai karɓa. Hannu ya yi kaɗan. Har tsofaffin da suka kawo kunu suka ɗaure zani suka shiga layin miƙo.

Sai Baba Gambo ya kaɗa wani take da ban ji shi ba tun safe. Ba wanda ya amsa. Ya sake. Dattawan suka ɗago ɗaya bayan ɗaya, kuma ba shi suke kallo ba, ni suke kallo.

Kawu ya ce daga cikin ruwa, "Na Sale ne, babanka. Tun da ya rasu ba a kaɗa shi ba."

Na ce, "Baba, ai ni ina kan aiki. Wa zai kula da laftof?"

"Tun safe me ka yi mata ban da riƙe lema?" Ko juyowa bai yi ba. "A ɗaure lemar a kujera."

"Rabona da lauje shekara ashirin da biyar."

"Bai canza ba."

Manu ya ɗago daga can ya ce, "Ku ƙyale shi, hannun fiyano ne, kada ya yi kaushi."

Aka kaɗa na uku, can ƙasa, ba ihu ba tsawa. Na ɗaure lemar da wayar caja, na naɗe wando, Kawu ya miƙo min lauje. Ruwan da sanyi, taɓo yana riƙe ƙafa. A damƙa ta biyar na yanki yatsana na hagu, wannan, kun ga tabon. Na yagi gefen riga na ɗaure na ci gaba, don gangar tana bayana. Ni ne na ƙarshe a layi, saboda haka ni take bi. In na yi sauri ta yi, in na tsaya zare ƙafa daga taɓo ta jira ni. Mutum talatin suna tafiya da takuna, ni mai hannun fiyano, Manu yana gefena yana cika min inda na tsallake, yana yi yana mita.

Rana tana gab da faɗuwa kwalekwale na ƙarshe ya tashi, ya yi nauyi har ruwa yana lasar bakinsa. Wani siririn layi can gindi muka bar wa kogi, ya riga mu. Batir ma ya zo ƙarshe, inbata tana ta kuka. Baba Gambo ya ɗora tafin hannunsa a kan maɓallan ya ce a kashe, ya gama.

Washegari da hantsi muka koma ni da Kawu. Gonar babu ita, ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, wani masunci ma har ya zuba taru daidai inda na yanke yatsa. Shinkafar kuwa tana tudu a kan tamfol, an fara bugu. Kawu ya zaɓi damin da ya fi girma, kamar yadda ake yi wa makaɗi tun da, ya ɗaure a babur muka kai zauren Baba Gambo. Da muka zauna ya dubi yatsana da ke naɗe da tsumma ya girgiza kai.

"Gambo, ka ga ikon Allah. Shekara da shekaru ana ce min ɗan yayata yana yawon duniya da kiɗa. Ranar da ya yi min rana, wani ne ya kaɗa, shi ya yi yanka."

Baba Gambo ya zari zangarniya ɗaya daga damin, ya kawo gindinta kusa da ido ya duba. "Yankan ma a karkace."

"A karkace ko a miƙe," in ji Kawu, "ta dai fito."

Shinkafar nan gidan Kawu suka ci har wata damina, kuma a cikinta ya ware irin da ya shuka.